Hoton MRI mai allurar rini da sankarar furostet: abin da yake gani da abin da ke kuɓuce masa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi wa maza bayani, musamman waɗanda suka haura hamsin da iyalansu, kan wani gwaji da likitoci ke yawan rubutawa yanzu, amma ba kasafai ake zaunar da majiyyaci a warware masa yadda abin yake ba. Muna nufin hoton MRI na furostet, wato hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu ke ɗauka, wanda ake yi wa mutum allurar rini a jijiya ana cikin ɗaukarsa. Mutane sun rabu biyu a kansa. Wasu sun ɗauka da zarar rinin ya shiga jiki, sankara ba ta da maɓoya. Wasu kuma da sun ji an ambaci allura a jijiya sai su ce za a kashe musu ƙoda, su ninke takardar su sa a aljihu, shi ke nan ba a sake ganinsu ba. Duka biyun kuskure ne, kuma na biyun ya fi ci mana rai, domin sankarar furostet cuta ce da ake samun sababbin masu ita kusan miliyan ɗaya da rabi a duniya duk shekara, kuma baƙar fata sun fi kowa haɗarin kamuwa da ita. A Ingila an ƙiyasta cewa ɗaya cikin baƙaƙen maza huɗu zai same ta a rayuwarsa, alhali a sauran maza ɗaya ne cikin takwas.

Bari mu fara raba gardamar suna. Ana yawan ce mata dajin mafitsara, amma mafitsara jakar fitsari ce, kuma tana da tata sankarar daban. Furostet wani ɗan ƙullutun nama ne a ƙarƙashin mafitsara, a jikin saurayi bai kai ƙwallon tebur girma ba. Hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta, dubura kuma tana jingine da bayanta. Aikinta samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Ɓangaren tsakiya, wanda ya kewaye hanyar fitsari, shi ne ke girma idan shekaru suka ja, ya matse hanya, dattijo ya riƙa tashi sau uku sau huɗu da dare. Wannan girman tsufa ne, ba sankara ba ce. Ita sankarar, kusan kashi 70 cikin 100 a ɓangaren gefe take tsirowa, can baya kusa da dubura, nesa da hanyar fitsari. Shi ya sa take iya shekaru tana girma shiru, fitsari na fita lafiya lau.

A da, idan gwajin jini ya nuna PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, ya hau, ko likita ya sa yatsa ta dubura ya ji tauri, sai a wuce kai tsaye zuwa ɗebo tsoka daga furostet don a gwada ta. A soka allura sau 10 zuwa 12 a wurare daban-daban na furostet bisa wani tsari, ba tare da an san inda ƙarin yake ba. Laluben cikin duhu ne. Wani lokacin allurar ta wuce ta gefen muguwar sankara ba ta taɓa ta ba, wani lokacin kuma ta faɗa kan wata 'yar mai sanyin hali da ba za ta taɓa kashe mai ita ba, amma tun da an gan ta hankali ya tashi, har a kai ga tiyatar da ke iya barin mutum da yoyon fitsari ko raunin gaba. Binciken PROMIS da aka yi a Ingila kan maza 576, aka fitar a 2017, ya nuna cewa wannan tsohuwar hanya kashi 48 cikin 100 kaɗai take kamawa na sankara mai haɗari, MRI kuwa kashi 93. A 2018 binciken PRECISION ya raba maza 500 gida biyu. A cikin waɗanda aka fara yi wa MRI sannan aka nufi wurin da ya nuna, an sami sankara mai haɗari a kashi 38, a ɗaya gidan kashi 26. Mai sanyin halin da aka tono ba gaira ba dalili ta sauka daga kashi 22 zuwa 9, kuma kashi 28 na mutanen gidan MRI ba a soka musu allura ba sam, domin hotonsu ya fito fes. Tun 2019 ƙa'idar aiki a Ingila da sauran Turai ta koma a ɗauki hoton kafin a ɗebo tsoka. Wannan tsari, hoto kafin allura, shi ne abu na farko da muke so mai karatu ya riƙe.

To ina rinin ya shigo? Cikakken MRI na furostet hotuna iri uku ne ake ɗauka a zama ɗaya. Na farko ana ce masa T2, shi ke nuna fasalin gaɓar, yanka-yanka, kowane yanka kaurin milimita 3. A cikinsa lafiyayyen ɓangaren gefe fari yake fitowa saboda ruwan da ke cikinsa, ƙari kuma ya fito kamar tabon gawayi. Na biyu, DWI, yana auna yadda ruwa ke walwala tsakanin ƙwayoyin nama. A cikin sankara ƙwayoyin sun cunkushe, ruwa ba ya samun hanya, sai wurin ya yi haske a hoton, ya yi duhu a taswirar ADC da kwamfuta ke lissafowa daga gare shi. Na uku shi ne na rini, DCE, kuma shi ake yi a ƙarshe.

Rinin ba launi ba ne, ruwa ne garau kamar na allura. Sinadarin da ke cikinsa gadoliniyam ne, wani ƙarfe mai amsa maganaɗisu, wanda idan yana shi kaɗai guba ne, don haka ake ɗaure shi cikin wani sinadari da ke riƙe shi har ƙoda ta fitar da shi. An fara amfani da irinsa a asibitoci a 1988. Ana auna shi da nauyin mutum, milimol 0.1 ga kowane kilo. A aikace, mai kilo 70 zai sami mililita 14 na irin su Dotarem, ko mililita 7 na Gadovist, wanda ya ninka shi kauri. Kafin a shiga ɗakin ake sa kanula, wato siririn bututun roba, a jijiyar hannu, an fi son ta gwiwar hannu don tana da faɗi. Idan lokaci ya yi, famfon allura ne ke tura rinin, mililita 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa, sai ruwan gishiri ya biyo baya ya kora ragowar da ke cikin tiyo da jijiya. Na'ura tana fara ɗauka tun kafin rinin ya iso, ta ci gaba da maimaita hoton wuri ɗaya, tsakanin kowane hoto da na gaba kada ya wuce daƙiƙa 15, har aƙalla minti biyu. Majiyyaci zai iya jin sanyi yana hawa hannunsa, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki. Abin da ake roƙonsa a wannan minti biyun shi ne kada ya motsa ko kaɗan.

Dalilin wannan gaggawa shi ne halin sankara. Ƙari ba ya girma sai da jini, don haka yakan tilasta wa jiki ya shimfiɗa masa sababbin hanyoyin jini, su kuwa ginin gaggawa ne, bangonsu na yoyo. Rinin yana isa wurin da wuri, ya tsiyaya cikin nama, wurin ya haska kafin naman da ke kewaye da shi, sau da yawa kuma ya riga shi dushewa. Wanda ya ɗauki hoto ɗaya tak bayan minti uku ya makara, domin a lokacin furostet duka ta haska, bambancin ya ɓace. Asirin aikin yana cikin daƙiƙun farko.

Sai dai ga abin da ba a cika faɗa ba. A tsarin da likitocin hoto ke bi wajen ba da maki, PI-RADS, wanda aka fara a 2012, aka sabunta a 2015 da 2019, rinin ƙaramin alƙali ne. Makin daga 1 zuwa 5 yake. 1 da 2 na nufin da wuya a sami sankara mai haɗari, 3 ana kokwanto, 4 akwai zato mai ƙarfi, 5 zato ya yi ƙarfi ƙwarai, wato tabon ya kai santimita 1.5 ko ya fara ɓullowa bayan bangon furostet. A ɓangaren gefe, DWI ne ke yanke hukunci. A ɓangaren tsakiya, T2 ne. Wuri ɗaya rinin ke da ta cewa: idan tabo a ɓangaren gefe ya tsaya a maki 3, kuma ya haska da wuri, a daidai wurin da sauran hotunan suka nuna, sai a ɗaga shi zuwa 4. Iyakar ikonsa ke nan a wannan tsari. Idan duk ɓangaren ne ya haska ko'ina ba tare da wani tabo tsayayye ba, ba a lissafa shi, domin galibi kumburi ne. A tsakiya kuwa, ƙulle-ƙullen girman tsufa su ma jini ke gudana a cikinsu sosai, suna haskawa kamar sankara, wanda ya bi rini a nan zai sa a soki lafiyayyen nama.

Shi ya sa masana suka daɗe suna tambaya ko za a iya barin rinin gaba ɗaya a hoton farko. Binciken PRIME, da aka yi a cibiyoyi 22 cikin ƙasashe 12 aka fitar a 2025, ya duba maza 490. Hoto iri biyu, ba rini, ya gano sankara mai haɗari a mutum 143, hoto iri uku da rini ya gano a 145. Bambancin mutum biyu ne, kuma gajeren hoton minti 15 zuwa 20 yake ci, maimakon 30 zuwa 40, ba kanula, ba gwajin ƙoda. Amma a lura, cibiyoyin da suka shiga binciken sai da aka tabbatar hotunansu na da inganci. A ganinmu wannan sharaɗi shi ne kan maganar. Inda na'ura ta tsufa, ko DWI ke fitowa a murɗe, ko mai karanta hoton bai saba da furostet ba, rinin shi ne igiyar da ake kamawa idan ƙafa ta zame.

Akwai kuma mutanen da ba a yi musu rowar rini. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu, ƙarfen na dagula maganaɗisu, DWI ya lalace a wannan gefen, amma hoton rini ya fi jure masa. Wanda aka taɓa yi wa gashin sankara ko tiyatar cire furostet, sannan PSA ya sake hawa, gashi ya riga ya mayar da naman duhu a T2, tiyata ta bar tabo, a nan wurin da ya haska da wuri shi ne babbar alamar cutar ta dawo. Haka wanda aka ɗebo wa tsoka a baya ba a sami komai ba amma PSA na ta hawa.

Abubuwan da ke ɓata hoton galibi ƙanana ne, kuma ana iya kauce musu. Na gaba-gaba iska ce a dubura. Ɓangaren gefe, inda sankara ta fi zama, shi ne ke manne da dubura, kuma iska kaɗan a nan ta isa ta lanƙwasa DWI har tabo ya ɓace ko a ga wanda babu. Don haka mutum ya shiga bayan gida ya sauke komai daf da shiga na'ura, kada kunya ta hana shi. Wasu cibiyoyin na ba da ɗan maganin tsarkake dubura, wasu na zuƙe iskar da siririn tiyo idan sun gan ta a hoton farko. Motsin hanji shi ma yana dusashe hoto, shi ya sa ake yin allurar Buscopan, miligiram 20, don hanji ya lafa na ɗan lokaci. Wannan allura ba ta dace da mai hawan jinin ido irin wanda magudanar ruwan ido ke toshewa ba, ko mai saurin bugun zuciya, ko wanda fitsari ke riƙe masa, kuma takan sa gani ya yi hazo, don haka kada a kama tuƙi sai ido ya washe. Wasu likitocin na so a ƙaurace wa iyali kwana uku kafin hoton, domin jakunkunan maniyyi su cika a ga bangonsu sosai.

Babbar ɓarna ita ce a juya tsarin, a ɗebo tsoka sannan a tura mutum hoto bayan mako ɗaya ko biyu. Kowace allura ta bar jini kwance a cikin gaɓar, jinin nan yana duhu a T2 kamar sankara, yana kuma haske a irin hoton da ake ɗaukar rini da shi tun kafin a zuba rinin. Likita mai lura zai duba hoton da aka ɗauka kafin allura ya gane jini ne, ko ya sa kwamfuta ta cire hoton farko daga na baya don ainihin hasken rini ya rage. Duk da haka an fi so a jira aƙalla mako shida. Haka idan mutum na fama da ciwon sanyin fitsari ko kumburin furostet mai zazzaɓi, PSA zai hau, hoton zai yi ta haskawa, a fara magance wannan tukuna. Sannan kanula na iya gocewa, rinin ya zube ƙarƙashin fata maimakon jijiya. Hannu zai yi zafi ya kumbura, kuma hoton ba zai nuna komai ba. Akwai ƙwallon ƙararrawa da ake danƙa wa majiyyaci a hannu, da ya ji zafi ya matsa. Likitan hoto na gari yakan fara duba manyan jijiyoyin jini na cinya a hoton: idan su ba su haska ba, rinin bai iso ba, kuma ba a cewa tabo bai haska ba.

Yanzu maganar ƙoda, tun da ita ce ke kore mutane. Tsoron yana da asali. A 2006 aka gano alaƙar gadoliniyam da wata muguwar cuta mai sa fata ta yi kauri ta ƙage, gaɓoɓi su sandare, a tsakanin masu ciwon ƙoda mai tsanani. Dalili shi ne lafiyayyiyar ƙoda na fitar da rabin rinin cikin kamar awa ɗaya da rabi, kusan duka cikin kwana ɗaya, amma idan ƙoda ta gaza sai ya daɗe a jiki har ƙarfen ya kwance daga ɗaurinsa. Kusan duk waɗanda abin ya shafa tsofaffin nau'ukan rini aka yi musu, masu sako-sakon ɗauri. A 2014 masu bincike a Japan suka ga alamar ragowar gadoliniyam a ƙwaƙwalwar waɗanda aka yi wa allurar sau da yawa, kuma a 2017 Tarayyar Turai ta dakatar da wasu daga cikin waɗannan nau'ukan, ko da yake ba a tabbatar ragowar na jawo wata cuta ba. Nau'ukan da ke kewaye ƙarfen kamar keji, irin su Dotarem da Gadovist da ProHance, haɗarinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Abin yi a bayyane yake. Mai ciwon suga, ko hawan jini, ko wanda aka taɓa ce masa ƙodarsa ta taɓu, ya yi gwajin jini na kiriyatinin, a lissafa masa eGFR, lambar da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda. Idan lambar ta haura 30, ba abin fargaba. Idan ta gaza 30, ko mutum na wankin ƙoda, likitan hoto da na ƙoda su zauna su yanke ko a yi da nau'i mafi aminci ko a bar rinin, tun da mun ga hoto iri biyu ma yana aiki. Majiyyaci na da haƙƙin ya tambayi sunan rinin da za a yi masa. Wanda ya taɓa yin borin jini ko ƙuncin numfashi bayan irin wannan allura ya faɗa tun a wurin rajista.

Ita na'urar kanta ba ta da tururin da ke cikin hoton ƙashi ko sitisikan, maganaɗisu ne mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, kuma a kunne yake dare da rana. Mai na'urar daidaita bugun zuciya, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ko maƙalin ƙarfe a jijiyar ƙwaƙwalwa, ko wanda ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa wajen walda, dole ya faɗa kafin ya taka ƙofar. Ƙarar tana da yawa, ana ba da abin toshe kunne.

Idan sakamako ya fito, a sani cewa MRI ba ya cewa wane yana da sankara. Zato yake nunawa da wurin da za a nufa. A binciken PROMIS ɗin nan, cikin kowane maza 100 da ba su da sankara mai haɗari, 41 kaɗai hoton ya wanke, sauran ya ɗora musu alamar tambaya. Maki 4 ko 5 na nufin a ɗebo tsoka daga wurin, ko dai likita ya dubi hoton ya nufa da ido, ko a haɗa hoton MRI da na sikanin a kwamfuta ta nuna wa allura hanya, kuma yanzu ana ƙara bin ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura maimakon ta cikin dubura, don rage shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Likitan da ke duba tsokar a madubin ƙara girma shi ne mai kalmar ƙarshe, da makin Gleason, ma'aunin tsananin sankarar: 3+3 mai sanyin hali ce, sau da yawa sa ido kawai ake yi, daga 3+4 zuwa sama ake kiranta mai haɗari.

Maki 1 ko 2 kuma ba takardar sallama ba ce. Kusan ɗaya cikin goma na masu tsabtataccen hoto na iya ɗauke da sankara mai haɗari da hoton bai gani ba, ko don ƙanƙanta, ko don ta bazu cikin lafiyayyen nama ba ta dunƙule ba. A nan, da kuma a maki 3, wani ɗan lissafi ke taimakawa. Rahoton ya kamata ya kawo girman furostet: tsawo sau faɗi sau kauri sau 0.52. Sai a raba PSA da wannan girma. Mutum mai PSA 5, furostet ɗinsa santimita 5 da 4 da 4, girmanta ya kama mililita 42, lissafin ya ba da 0.12. Wani mai PSA 5 ɗin dai, amma furostet ɗinsa mililita 25 ce, ya ba da 0.20. Lambar da aka fi amfani da ita a matsayin iyaka 0.15 ce. Na farkon ana iya binsa da maimaita PSA, na biyun ko hotonsa ya yi kyau akwai dalilin a ɗebo tsoka, balle idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar. Wanda ke shan finasteride ko dutasteride saboda girman furostet ya tuna wa likita, domin bayan wata shida zuwa shekara waɗannan magunguna na rage PSA da kusan rabi, sai an ninka lambar kafin a yi lissafin.

Roƙonmu ga 'yan'uwanmu masu rubuta takardar neman hoton shi ne su sa adadin PSA, da ranar da aka taɓa ɗebo tsoka in an yi, da magungunan da mutum ke sha, da sakamakon ƙoda. Ga masu rubuta rahoto kuma, su faɗi ingancin hoton ƙarara, akwai ma'auninsa, PI-QUAL, tun 2020. Rahoton da ya cika zai nuna girman furostet, wurin kowane tabo a kan zanen gaɓar, faɗinsa da milimita, makinsa, ko ya haska da rini, da ko ya taɓa bango ko jakunkunan maniyyi. Majiyyaci ya karɓi faifan hotunan tare da rahoton, ba takardar kaɗai ba, domin likitan da zai riƙe allurar da su zai yi aiki, kuma in an sake hoto bayan shekara da su za a gwada.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Naka,
Wasu ma'aikatan sashen ɗaukar hoton jiki da na cututtukan mafitsara